Me zan rubuta a ƙasan hoton yarana suna wasa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kar ku yi min dariya, matsalar ƙarama ce amma ta tsaya min a rai. Shekaranjiya da aka ɗauke ruwan la'asar na leƙa tsakar gida, na tarar da yarana uku sun kafa murhu da duwatsu, sun ɗora gwangwanin tumatir, wai tuwon ƙasa ake yi. Babbar ta ɗaura ɗankwalina ta goya 'yar tsana, autan kuwa taɓo har gira. Na ɗauki hoto, ya fita tsaf. Sai na tsaya da waya a hannu, in rubuta in goge, ƙarshe na sa "Masha Allah" da zuciya uku, irin dai wanda na sa a hoton sallah da na suna. Na taɓa kwafo irin na Turancin nan da ake yayi, sai ga yayar babansu ta bugo tana tambaya ko lafiya. Babansu yana aiki a Legas, rabin dangina suna Maraɗi, ta hoto suke ganin yaran. Me zan riƙa rubutawa da zai sa su ji kamar suna tsakar gidan?

Wata malamar firamare: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, abin da ido ya gani ba sai kin sake faɗa ba. Kowa ya ga wasa suke yi, ya ga taɓon. Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne magana, kuma yara ba sa wasa baki rufe. Me kika ji suna cewa lokacin?

Mai tambaya: Malama kin tuna min. Babbar ce ta ce wa mai bi mata, "Kai ne maigida, tashi ka kawo cefane." Shi kuma ya gyara zama a kan bokiti ya ce, "Ba a yi albashi ba."

Malamar firamare: To ai ga rubutunki nan, me kike nema kuma? Ki sa shi yadda suka faɗa, kar ki gyara musu Hausa. In yaro ya ce "tuyo" maimakon tuwo, ki rubuta "tuyo", a nan daɗin yake. Ni ina da wani littafi mai shafi 40 da nake rubuta irin waɗannan maganganu in na ji su, don in ka bari ya kwana, washegari sai ka ji ka manta rabinsa.

Wata 'yar uwa daga Zariya: Na yi dariya har da ƙwalla. Amma fa ki yi hattara, mutumin Legas zai iya ɗauka habaici ne, dangin miji kuma su ce ai a bakinki yaron ya ji. Wannan na albashin ki tura wa babansu shi kaɗai, ku yi dariyarku ku biyu.

Wata Hajiya, kakar zauren: 'Yata, Allah ya raya miki su. "Masha Allah" ɗin nan kar ki jefar da shi don an ce ya tsufa, baki gaskiya ne, ki dai mayar da shi ƙarshe. Abu na biyu, yaran yanzu ba za su so ji ba amma zan faɗa: a rage yabon ɗan fari a bainar jama'a. Mu da muka taso ko sunansa ba ma kamawa, sai dai "yaron nan" ko "wannan". Ban ce ki koma zamaninmu ba, amma in surukarki ta ga kin rubuta "rabin raina" a kan 'yar fari, za ta yi shiru ne kawai, shirun kuma magana ce.

Sannan ki riƙa kiran wasan da sunansa. In langa ce ki ce langa, in carafke ce ki ce carafke, haka dokin kara, gaɗa, motar kara, ko tashe in azumi ya kai goma. Kwanaki jikata ta sa hoton ƙannenta suna gara taya, ta rubuta, "Wa ya taɓa shan duka a kan wannan?" Wallahi har kawunta mai furfura sai da ya fito ya ba da labarin tayar keken da ya cire ba izini.

Mai sayar da kayan yara a Instagram: Hajiya ta gama magana, tambaya ita ke jawo amsa. Amma ta zama tambayar da mutum yake da labarinsa a kai, ban da "Ya kuka gani?", wannan kowa zai ce "kyau" ya wuce. Daga wajena abu biyu. Instagram na ba ka damar rubuta haruffa har 2,200, amma layin farko kaɗai ake gani kafin a yanke sauran, don haka abin dariyar ya zo a gaba, addu'a ta biyo baya. Sai kuma ki sa Hausa a Gboard ɗinki, wato allon rubutu na waya, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ. In kika rubuta "tuwon kasa", ai kasa macijiya ce. Alamar # kuwa ba ruwanki da ita tunda dangi kike yi wa, mu 'yan kasuwa ne ke bin ta.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni ta wani gefen zan shigo, ku yi haƙuri. 'Yata tana da shekara 4 wata maƙwabciya ta ɗauke ta tana kuka, majina har baki, ta sa a sitatus da "Sarauniyar rigima". Wani ya mayar da hoton sitika. Yanzu tana aji biyar, rannan ta gan shi a wayar 'yar ajinsu, ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda ya ajiye a wayarsa ya ajiye.

Don haka duk rubutun da yaro zai ji kunyarsa in ya girma, na fitsarin kwance ne, na tsoro ne, na rashin ƙoƙari ne, a bar shi. Hoton wanka ko na wasan ruwa ba riga, a bar shi a waya. Kar a rubuta sunan makaranta, ko unguwa, ko lokacin tashi daga Islamiyya, a duba kuma bajon riga da lambar mota kar su fito, kun san halin da ake ciki. In da ɗan maƙwabta a hoton a tambayi uwarsa tukuna. A Faransa har doka suka yi a Fabrairun 2024 da ta ɗora wa iyaye kare haƙƙin yaro a kan hotonsa. A WhatsApp akwai wajen zaɓar waɗanda za su ga sitatus, ki ware dangi kawai, mai gas da tela ba sai sun san fuskar yaranki ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, labarin 'yarki ya taɓa ni, yanzu na je na rage masu ganin sitatus ɗina daga 300 da wani abu zuwa 26. Na sake sa hoton da wannan: "Tuwon ƙasa ya nuna, mai girki ta ce ba a ba wanda bai wanke hannu ba. Wa za a zuba wa? Masha Allah." Gwaggona ta Maraɗi ta turo murya ta ce a ajiye mata ƙanzo. Na albashin kuma na tura wa babansu shi kaɗai. Ya gani tun ɗazu, har yanzu dai bai ce komai ba.

'Yar uwa daga Zariya: Ki ba shi zuwa ƙarshen wata.