Ranar da Kuka Fara Riƙe Bindiga Mai Sakata, Me Kuka Gani?

Likitan Dabbobi, Yelwa, Bauchi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Makonni biyu ke nan da dawowata daga wani kwas na kula da namun daji a Afirka ta Kudu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda nake so mu yi musayar gogewa a kansa. A cikin kwas ɗin an kai mu filin koyon harbi mai lasisi, domin wanda zai tunkari ɓauna ko giwa da allurar sumarwa ya kamata ya san yadda makamin da ke tsaron bayansa yake aiki. Malaminmu ya zo da sabuwar bindigarsa wadda bai fi wata guda da saye ba, ƙirar Tikka T3x TAC A1 ta kamfanin Sako na ƙasar Finland, mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. Irin bindigar nan ce da ba ta ɗana kanta, sai mutum ya ɗaga wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa ya ja baya, kwanso ya fita, ya tura gaba ya kulle, sannan ya sake harbi.

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinta ne, don ita kaɗai ta kai kimanin kilo 5, kafin a ɗora mata madubin hangen nesa da ƙafafun da take tsayawa a kansu. Na biyu kuma kunamarta. An gaya mini cewa hawa biyu gare ta, wato za ka ja ka ji ta tsaya, sannan ɗan ƙarin matsi kaɗan ya tayar da harbi, amma jin bayani daban, yatsa daban. Harbina na farko ya tashi tun ina shirin gyara numfashi, har malamin ya yi dariya ya ce ai irin wannan harbin da ya zo wa mai shi ba zato shi ne ya fi tafiya daidai. Daga mita 100 na yi harbi uku, da muka je duba takardar sai na ɗora murfin kwalbar lemo a kan ramukan ya rufe su duka. Malamin ya zura takardar kuɗi tsakanin bututun da abin da ya kewaye shi, ta wuce har gindi ba ta maƙale ba, ya ce bututun ba ya taɓa komai, shi ya sa girgizarsa take zama iri ɗaya a kowane harbi. Ina roƙon waɗanda suka riga ni sanin wannan harka su faɗa mana yadda tasu ranar farkon ta kasance.

Tsohon Saje, Azare

Wa alaikumus salam ɗana likita, barka da dawowa. Jikata ce take rubuta mini saboda ido ya yi rauni. Ni tawa ranar farkon ba da sabuwar bindiga ba ce, da Mak 4 ce, wadda Turawa ke kira Lee-Enfield, lokacin ina kurtun ɗan sanda. Wadda aka miƙo mini ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, domin irinta sojojin Ingila suka fara riƙewa tun 1941, kuma katakonta ya yi baƙi ya yi santsi saboda yawan hannayen da suka bi ta kansa. Harsashi goma take ci, mai lamba .303, ana dura su biyar-biyar ta sama. A gindinta akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe inda ake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu, kuma wanda aka duba tasa aka tarar babu, ranar sai ya gane kurensa.

Ka yi maganar kunama mai laushi, to mu abin da muka fara sani shi ne shuri. Na kwanta rub da ciki ban manna gindinta a kafaɗa sosai ba saboda tsoro, ai kuwa ta ba ni abin da ya sa na yi kwana uku ina ɗaga hannun dama da ƙyar wajen alwala. Amma sakatarta, ɗana, har gobe ban taɓa abin da ya kai ta sauri ba. Ɗagawa kaɗan take so, kuma tana ɗanuwa ne lokacin da kake turawa gaba, saboda haka gwani yana iya sarrafa ta bai ɗauke kumatunsa daga katako ba. Mu ba mu san madubi ba, wani ɗan rami ne a baya da tsinke a gaba. Ka ce murfin kwalba ya rufe ramukanka. Mu a zamaninmu wanda faifai ya rufe nasa, ranar da tafiyar ƙasaita yake komawa bariki.

Warant Ofisa mai ritaya, Tudun Wada, Gombe

Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. Likita, ina taya ka murna, amma zan ɗan rage maka zafin murnar, kuma ka yi mini afuwa. Harbi uku ba ya shaidar bindiga, ba ya kuma shaidar maharbi. Abin da ka gani da murfin kwalba shi ne ma'aunin da masu ƙera irin waɗannan bindigogi suke alfahari da shi, wanda ake kira MOA ɗaya, wato faɗin kusan santimita 3 a nisan mita 100, ninkinsa a mita 200, haka yake buɗewa har gaba. Sai dai uku suna iya haɗuwa da sa'a. Ka yi biyar, ka bari bututu ya huce, ka sake biyar, ka dawo washegari da sanyin safiya ka ga inda harsashin farko zai faɗa, sannan mu zauna mu yi magana.

Ni na yi shekaru da bindigogin soja masu ɗana kansu, FN da G3, kafin a tura ni wani kwas inda aka ba mu bindiga mai sakata da madubi, mai cin 7.62, harsashin da ɗan'uwansa na farar hula ake kira .308. Na isa wurin ina ganin babu abin da za a koya mini. Hannuna ya saba da kunamar G3 wadda sai ka ja ta kamar kana jan guga, kuma idona ya saba kusantar ramin saiti. Da na kwanta sai na kai ido dab da madubi, na harba, bakin madubin ya dawo ya tsaga mini gira. Tabon yana nan har yau, yarana suna zaton a fagen daga na same shi, ni kuwa ban taɓa gyara musu zancen ba.

Abin da ya fi tsagar girar tasiri a zuciyata shi ne abin da na gani cikin madubin bayan an share mini jini. Na ga layukan saiti suna rawa sama da ƙasa, na ce wa malamin madubin nan a kwance yake, ya ce ba madubi ba ne, bugun zuciyarka ne. Shekara goma sha wani abu ina harbi ban taɓa sanin cewa zuciyata tana motsa bakin bindiga ba, domin G3 tana rufa wa mutum asiri, idan ya kuskure sai ya ce ita ce. Wannan kuwa ba ta bar maka wanda za ka ɗora wa laifi. Daga nan aka koya mana harbi a ɗan tsaikon da ke bayan fitar numfashi, da karanta kawalwalniya da rana tsaka, wadda ke sa abin da kake auna ya riƙa ninkaya, kuma karkatarta ce take nuna maka inda iska ta dosa. Harsashin nan yana barin baki da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na gudun sauti, amma duk da haka iskar hunturu irin tamu ta Gombe tana iya ture shi taƙi guda ko fiye idan nisa ya kai mita 400.

Tambayata gare ka ita ce ƙura. Filin da ka je na tabbata shara ake yi masa. Sakatar da aka ƙera ta matse sosai ina so in san yadda za ta yi bayan kwana uku a cikin hazon watan Janairu.

Mai Bin Sawu, Alkaleri

Gaisuwa ga manya. Ni ɗan baka ne, gadon gidanmu ke nan, kuma da adaka na buɗe ido, wadda ake dura wa albarushi ta baki a danna da sanda, a harba sau ɗaya hayaƙi ya rufe ka, shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga. Na yi rani huɗu ina bin sawu a yankunan farauta masu lasisi na arewacin Kamaru, wajen Garwa, inda baƙi suke zuwa daga Turai. A can na fara riƙe mai sakata, ƙirar da aka gina a kan tsarin Mauser na Jamus na 1898, mai cin .375. Aikina ɗaukar ta ne a kafaɗa, sai ranar da za a tashi mai ita ya ce in gwada a jikin wata suri.

Gaskiya abin da ya burge ni ba nisanta ba ne, tabbacinta ne. Mai adaka kullum yana tare da shakka, ko albarushi ya sha raɓa, ko ta ƙi tashi, ko ta tashi a makare. Wannan kuwa ka taɓa, ta amsa. Amma madubin bai yi mini ba ko kaɗan. Na ɗaga na rasa surin gaba ɗaya, sai ganye nake gani manya-manya, alhali da ido tsirara ga ta nan taku arba'in. A cikin kurmi, inda dabba take fito maka kamar daga ƙasa, wanda ya tsaya neman ta a madubi ya makara. Ita kuwa taka, likita, mai kilo 5 ban da kaya, ina jin ta kwanciya ce a kan tabarma. Wanda ya taɓa tafiya daga asuba zuwa azahar da ƙarfe a kafaɗa ya san cewa kilo ɗaya na safe ya zama uku da rana. Yallaɓai Warant ya yi gaskiya a kan ƙura, domin kowace yamma sai mun zare sakatar mun goge ta, kuma mai kaɗan ake sa mata, idan ya yi yawa ƙura ta kama shi ya zama kamar kunun yashi.

Barista, GRA, Bauchi

Ina gaida iyayena. Tawa gogewar ƙarama ce idan aka gwada da taku. Lokacin da nake karatu a Ingila na shiga ƙungiyar harbi ta wasanni, inda muke amfani da ƙaramar mai sakata mai cin .22 a nisan mita 50. Ba ta shuri, ƙararta ma ba ta kai ta tsaga itace ba, amma makon farko ko takardar ban cika samu ba. Wata dattijuwa mai horar da mu ta dube ni ta ce bindigar ta yi mini tsawo, ta rage gindinta, ta ɗaga wurin ɗora kumatu har idona ya zo daidai da saiti ba tare da na miƙa wuya ba. A ranar ramukana suka taru wuri ɗaya. Saboda haka da likita ya ambaci irin tasa, abin da ya fara zuwa raina shi ne gindinta da ake iya tsawaitawa da ragewa, abin da Mak 4 ta Baba Saje ba ta ba kurtu damar yi a fili ba.

Tun da matasa suna karanta mu, wajibi ne in faɗi matsayin doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu an ambaci bindigogin soja masu cin 7.62 da .303 ƙarara. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai masu durawa ta baki irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake ba da izininsu. Duk wanda ya yi magana a nan, ko dai a bakin aiki ya riƙe ta, ko a ƙasar da dokarta ta ba shi dama a ƙarƙashin mai lasisi.

Likitan Dabbobi, Yelwa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Saje, a gaida jikar taka mai rubutu. Hajiya Barista, gaskiyarki, sai da malamin ya ɗaga mini wurin kumatu kafin baƙin da'irar da nake gani a gefen madubin ta ɓace, na manta ban faɗa ba.

Yallaɓai Warant, ka kama ni, kuma tun da ka tona asirin girarka bari in tona nawa. Ba uku na harba ba, biyar ne. Bayan na leƙa ta madubi na ga ukun farko sun haɗu, sai zuciyata ta fara dukan uku-uku, na ce bari in ƙarasa in kafa tarihi. Na huɗu ya tafi dama da kusan faɗin yatsu uku, domin fizgar kunamar na yi maimakon in matsa ta. Na biyar ya faɗi ƙasa, kuma malamin ya ce ya ga na runtse ido tun kafin harbin ya tashi. Shi da ya karɓa ya kwanta, biyar ɗinsa rami ɗaya suka yi mai ɗan faɗi kamar an huda da ƙusa an jujjuya. Game da ƙura, filin nasu ciyawa ce shar, kuma a cikin akwati mai soso aka kawo bindigar aka mayar da ita, saboda haka amsar tana wurin Mai Bin Sawu. Takardar tana nan na zo da ita a cikin jakata. Idan Allah ya kai mu Asabar zan bi ta Gombe a kan hanyata ta zuwa Kaltungo duba wasu shanu, zan tsaya Tudun Wada in nuna maka ita, har da ramuka biyun da murfin kwalba bai rufe ba.