Tausar Rolfing don ciwon baya, gaskiya ce ko talla ce kawai?

Tela_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne nan Tawa, tun sahe har dare ina duƙe bisa keke, yanzu ciwon baya da na wuya sun hana ni sakat, kahwaɗata ta dama ma kamar ta ɗan sauka ta bar ta hagu. Na ga wasu bidiyo a TikTok na wata tausa da ake ce ma Rolfing, mai yin ta shina danna mutum da gwiwar hannu sannu sannu, wai tana daidaita tsayuwar mutum ta kashe ciwo. Don Allah wanda ya san abin ga ya yi min bayani, diklofenak ɗin da nike sha ya fara ci min ciki kuma ga ɗinkin salla na tahe.

Kine_Yamai:
Wa alaikumus salam malam tela, Allah ya ƙara sauƙi. Wata Ba'amurkiya ce Ida Rolf ta ƙirƙiro ta, ta rasu 1979, makarantar da ta kafa na garin Boulder can Amurka. Ka san farin tantanin nan da kake gani jikin nama in mahauci na fiɗa? To mu ma muna da shi, ya naɗe kowace tsoka ya haɗa ta da ta kusa da ita tun daga tafin ƙafa har wuya. Su masu Rolfing a ganinsu in mutum ya daɗe yana zama a karkace tantanin ne ke ɗaurewa ya riƙe jiki a haka, shi ya sa suke bin shi da dannawa mai zurfi, zama 10 suke yi a tsarinsu kowane zama da sashen jikin da ake taɓawa, kuma da zafi fa, ba irin tausar jin daɗi ba ce. Amma zancen wai hannu zai miƙar da tantanin ya sake ma mutum tsayuwa har abada, bincike bai tabbatar da shi ba, tantanin na da ƙarfi sosai. Abin da nake gani wajen aikina na kine, wato mai jinyar tsoka da gaɓoɓi da tausa da motsa jiki, shi ne mutum na samun sauƙi bayan tausa, tsoka ta saki, ya iya juya wuya, sai dai in ya koma irin zaman da ya jawo ciwon to ciwon ma komowa yake.

Hajiya_Inna:
Ɗana sannu. Mu tun tasowarmu da tausa muka san ana raba mutum da gajiya, a ɗumama man kaɗe a murza baya da shi a gasa da tsumma da ruwan zafi, mai jego ma haka ungozoma ke mata. Sa ƙanenka ya riƙa yi maka da dare kafin ka kwanta. Ka dai kiyayi masu hawa bayan mutum suna takawa da ƙafa, ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Dan_kabukabu:
Ni roƙona ɗaya ne ɗan uwa, kar wani ya ce maka ka sha tramol don ka iya aikin salla, wallahi na ga yadda ya lalata samari cikin abokan sana'armu, ciwon baya ne ya kai su gare shi yanzu ba su iya tashi sai da shi.

Tela_Tawa:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Malam kine to mi za ni yi yanzu, in taho Yamai ko ko?

Kine_Yamai:
Kar ka kashe kuɗin mota tukuna, fara zuwa babban asibitin nan Tawa likita ya duba ka, ka faɗa masa zancen cikin nan don diklofenak na iya jawo gyambon ciki kuma yana taɓa ƙoda, in ya ga da buƙata zai sa a yi maka radiyo, wato hoton ƙashi, ya aika ka wajen kine. In ƙafarka na mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kuɓuce maka, ko kana zazzaɓi da rama ciwon kuma ya fi tsananta da dare, to kar kowa ya danna maka baya, je asibiti ranar, tarin fuka na kama ƙashin baya kuma muna ganin sa ƙasar nan. Mai sikila ma ya fara tambayar likitansa. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, yi tausar da Hajiya ta ce ba laifi, sannan ka duba kujerarka, yawancin teloli benci ne gare su gajere marar majingina sai sun sunkuya kafin su ga allura, ɗaga shi ko ka sa matashi, ka ƙara haske wajen keken, duk rabin awa ka miƙe ka ja kafaɗu baya ka ɗan taka zuwa ƙofar shago. Almakashi da dutsen guga kuma ka daina ajiye su duka gefe guda.