Taƙaitawa: farfaɗo da koramun kifin Gila bayan gobarar daji

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan kifin trout (wani kifin ruwan sanyi) na yankin kogin Gila, a jihar New Mexico ta Amurka, wanda gobarar Whitewater-Baldy ta 2012 ta lalata wa koramu.

1. Kowa ya yarda babbar ɓarnar ba daga wutar kanta take ba. Toka da laka ne, da ruwan damina ke kwasowa daga tuddai, suke shaƙe kifin. Shi ya sa aka yaba da kwashe shi zuwa gidan kiwon kifi na Mora kafin ambaliya.

2. Kifin nan ba ya jure ruwan ɗumi. Don haka a dasa itatuwa a gaɓa su yi wa ruwan inuwa, a hana shanu tattake ta.

3. Wasu sun ce a jibga gungume da duwatsu don ruwa ya haƙa gurbi mai zurfi. Wasu suka ce ambaliyar farko za ta tafi da su, a jira ƙasa ta zauna. Ni ma nan na karkata.

4. An fi rabuwa kan maganin rotenone na kawar da baƙon kifi mai gurɓata irin kifin Gila ta hanyar hayayyafa da shi. Masu adawa na tsoron zai kashe ƙwarin ruwa, abincin kifin. Shingen hana baƙon hawowa kuwa, babu wanda ya ja.