Neman kalma: ciwon da magani ke sa wa motsin jiki, me za mu kira shi?

Jama'a, kalma nake nema, ku taya ni.

Bazarar bara a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, 'yar yayana mai shekara 13 ta wuni tana amai, aka sayo mata maganin amai a kemis. Kashegari da la'asar sai wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya fito ya ƙi komawa. Tana jin duk abin da muke faɗa, hawaye kawai take yi. Iya ta ce iska ce, a kawo garwashi da turare. Yaya ya ce sanƙarau ne, ga zafi ana yi. Malamin asibiti ya taɓa goshinta, babu zazzaɓi, ya ce a nuna masa ragowar maganin. Allura ɗaya ya yi mata, kafin a kira magariba wuya ya saki.

Sunan da ya faɗa mana distoniya ne. Iya ta ji, ta gyaɗa kai, ta koma gida da iskarta. Ban ga laifinta ba, ai ba a ba ta wani suna da za ta riƙe ba.

Ga yadda abin yake. Maganin amai irin metokulofuramaid, da magungunan taɓin hankali irin halofiridol da Largactil, suna tare hanyar wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda ke daidaita motsi. Yara da matasa ya fi kamawa da wannan murɗewa, a kwanakin farko na shan maganin. Shi ya sa tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a wuce kwana 5 ana shan wannan maganin amai.

Da farko na kawo "rawar jikin magani". Wata malamar makaranta ta kashe ta nan take: rawar jiki ai zumuɗi ne, sai a ɗauka mutum ɗokin shan magani yake. Gaskiyarta. "Farfaɗiyar magani" kuwa ni na ƙi ta, don mai farfaɗiya hankalinsa kan gushe, ita kuwa yarinyar nan a farke take, kuma sunan kan bi mace har gidan miji.

Abin da na tsaya a kai shi ne "ƙagewar magani". Kowa ya san wuya ya ƙage. Da an ji magani a ƙarshe kuma, hannu zai kai ga ledar kemis kafin ya kai ga kaskon turare.

Amma kalmar ba ta rufe duka ba. Akwai wanda aka karɓo wa magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau, ya kasa zama wuri ɗaya, ya tashi ya zauna, ya yi ta kai-komo a tsakar gida, dangi su ce ciwon ne ya ƙaru. Likitoci na ce masa akatisiya, asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin rashin zama. Tamu ta fi daɗi: "ƙi-zauna".

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai zuwa a makare, bayan watanni ko shekaru ana shan magani: baki ya yi ta motsi kamar tsohuwa na mamular goro, alhali babu komai a ciki. Na ce "mamular magani". Wannan kan ƙi tafiya ko an daina shan maganin, kuma Artane da ke sakin ƙagewa, ƙwayar nan da samari ke kira Exol suna sha don maye, ba ta warkar da shi, tana iya ƙara shi ma.

Mai shan maganin ƙwaƙwalwa dai kada ya yar da shi da kansa, a koma wurin likita ya rage ko ya canja. In ƙagewar ta kai maƙogwaro, numfashi na wuya, ba a kwana da ita a gida.

Saura karkarwar hannu da tafiyar jan ƙafa, waɗanda su ma magani kan kawo. Mutanen Haɗeja da Gumel, makyarkyata kuke cewa ko karkarwa?