Janaretan motata mai ɗakin kwana yana mutuwa bayan minti 20: me kuka gani a naku?

Manomi daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar mota 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano, irin mai ɗakin kwana da ɗan kicin da banɗaki a ciki, domin in riƙa kwana a cikinta idan na je gonar shinkafata a fadamar Argungu lokacin noman rani. Tana da janareta ƙirar Onan mai ƙarfin wat 4,000 a cikin wani akwati da ke ƙarƙashinta, kuma daga tankin motar yake shan fetur. Tun shigowar bazarar nan ya fito da wani hali: yana tashi da bugu ɗaya, ya yi aiki lafiya lau na kamar minti 20 ko 25, sai muryarsa ta fara hawa da sauka, daga nan ya mutu, kuma ba zai sake tashi ba sai ya huce. An canza filogi sau biyu, an wanke kafireta, amma abin yana nan yadda yake. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ina roƙon ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa da kuma yadda aka gyara.

Direban motar asibitin tafi-da-gidanka, Zuru:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafin a sake kwance komai, ina ganin ya kamata ka fara duba allurar mai. A irin waɗannan motoci, bututun da janareta ke zuƙo mai da shi ba ya kaiwa ƙasan tanki, yana tsayawa ne wajen kwata, kuma da gangan aka yi haka domin kada janareta ya shanye man ya bar mutum a daji ba abin komawa gida. Mu ba mu san da wannan ba sai bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da aka daina cika mana tanki aka koma zuba rabi. Wata rana muna wani ƙauye, firijin allurar rigakafi yana kan janareta, sai janaretan ya mutu alhali allurar mai tana sama da kwata kaɗan. Da yake ƙasar Zuru tudu da gangare ce, motar ta karkata, man ya taru a gefe guda, bakin bututun ya koma zuƙar iska. Mun ɓata kusan awa biyu muna zargin kafireta, sai da muka mayar da motar wuri mai daidai muka ƙara jarka ɗaya, ya tashi kamar ba shi ba.

Manomi daga Birnin Kebbi:

Na gode Malam. Ban san da wannan ba, amma ranar da ya yi mini na ƙarshe tankin ya fi rabi, kuma a fili mai daidai na ajiye motar.

Mai safarar kifi, Yawuri:

Nawa ba irin na Alhaji ba ne, janaretan kasuwa ne da na ɗaure a bayan mota yana riƙe mini firiza biyu daga Yawuri zuwa Gusau, amma ina so in faɗi abin da ya same ni domin kada wani ya maimaita. Ya riƙa mutuwa farat ɗaya, babu tari babu gargaɗi, musamman idan motar ta faɗa rami ko ta hau gangare. Wani yaro a gareji ya ce mini na'urar da ke lura da baƙin mai ce take da fitina, ya cire wayarta, janareta ya daina mutuwa, ni kuma na biya shi ina ta godiya. Ashe gaskiya na'urar take faɗa: baƙin man yana ɗiga ta wani gasket, wato abin da ake sawa a mahaɗar ƙarafan inji don hana yoyo, kuma injin gaba ɗaya lita ɗaya da 'yan kai yake ɗauka, saboda haka raguwa kaɗan ta isa ta jawo matsala. Bayan mako uku injin ya buga a hanya tsakanin Koko da Jega, kifin ya narke, garin neman ƙiba na samo rama. Yanzu kowace safiya sai na zaro ma'aunin baƙin mai a wuri mai daidai kafin in tayar, kuma ba na yarda kowa ya taɓa wannan waya.

Bakanike, Jega:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na yi aiki a kan irin wannan janareta sau da yawa, kuma abin da nake fara tambayar mai shi ba wane abu aka canza ba ne, yadda injin ya mutu nake tambaya. Wanda ya yanke farat ɗaya kamar an murɗa makulli, galibi wuta ce ta ɗauke masa, ko wata na'urar kariya ta kashe shi, kamar yadda ɗan'uwanmu na Yawuri ya bayyana. Wanda kuwa ya riƙa hawa da sauka yana tari kafin ya mutu, yunwar mai ce ko ƙarancin iska. Naka ya faɗa cikin kashi na biyu, kuma da yake sai ya yi zafi yake yi, sannan ya warke idan ya huce, ban ga laifin filogi ba ko kaɗan.

Abin da masu irin wannan mota da yawa ba su sani ba shi ne, janaretan da kansa yana faɗin abin da ya kashe shi, idan ba tsohon yayi ba ne sosai. Akwai 'yar fitila a jikin makunninsa da ke ƙyaftawa bayan ya mutu. Idan ta ƙyafta sau 3 ta tsaya ta sake, ka danna gefen kashewa na makunnin sau ɗaya, za ta ba ka lamba mai alƙaluma biyu: ta ƙyafta, ta ɗan dakata, ta sake ƙyaftawa. Lamba 36 tana nufin injin ya tsaya ba tare da an umarce shi ba, kuma a gogewata mafi yawan lokaci mai ne bai iso ba. Lamba 14 gudu ne ya yi yawa, 15 gudu ya yi ƙasa. Sai dai ka ƙirga da wuri, domin fitilar tana daina ƙyaftawa bayan 'yan mintoci.

Daga nan sai gwajin jarka, wanda shi ne yake raba gardama. Ka cire tiyon da ya taho daga tanki, ka sa sabon guntun tiyo daga famfon mai zuwa cikin jarkar fetur mai tsabta, ka ajiye jarkar nesa da salansa, kuma kada kowa ya matso da wuta ko taba. Idan ya yi awa guda bai mutu ba, laifin yana tsakanin tanki da famfo, kuma sau da yawa tsohon tiyo ne ya tsattsage a saman tanki inda ido ba ya gani, yana shigar da iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. Idan kuwa ya mutu a daidai lokacin da ya saba, to ka kai hannu kan famfon. Famfon lantarki ne, kuma idan ka danne gefen kashewa na 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ka ji yana ƙas-ƙas. Wanda ya tsufa yakan yi aiki da sanyi, ya yi shiru da zafi. Kada a manta da filtar mai, domin ƙarama ce, kuma man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka ba ya rasa ruwa ko datti.

Mai motar lasifikar wa'azi, Gusau:

Ni zafi ne ya koya mini darasi, kuma da hannuna na jawo shi. Ƙarar janareta tana shiga lasifika, sai na sa aka ƙera masa akwatin katako aka lulluɓe cikinsa da soso. Ƙara ta ragu, amma ba ya wuce rabin awa sai ya mutu, domin inji ne da iska ke sanyaya shi, kuma iskar zafin da ya fitar ita yake sake zuƙa. Da muka buɗe matatar iska kuwa, ƙurar hunturun bara ta mayar da ita kamar an shafe ta da laka. Alhaji, tun da a fadama kake ajiye motar, ka duba ƙarƙashinta ko ƙaiƙayi da ciyawa sun toshe hanyar iska. Kuma tun da a ciki kake kwana, ka sa a bi bututun hayaƙi daga farko har ƙarshe, a tabbatar bakinsa ya fita bayan jikin motar kuma babu huda, domin gubar da ke cikin wannan hayaƙi ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta.

Mai gyaran wuta, Kamba:

Abu ɗaya zan ƙara, a kan lodi. Motar Amurka wutarta bolt 120 ce, ba 230 irin tamu ba, saboda haka wat 4,000 ɗin nan bai wuce amfiya 33 ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke saman motar tana cin kusan rabin wannan ko ƙasa kaɗan idan tana tafiya, amma a daidai lokacin da kwamfuresa, wato injin da ke cikinta, zai tashi tana fizgar ninki biyu ko uku, kuma da zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, injin kansa ƙarfinsa raguwa yake yi. Na taɓa gyara wa wani bawan Allah wanda ya haɗa butar lantarki ta hanyar taransifoma a kan wannan, yana mamakin abin da ke kashe masa inji. Ka gwada shi babu lodi ko ɗaya, sannan ka ƙara kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan shigar na'urar sanyin kaɗai ke durƙusar da shi, a duba kafasitarta, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfuresa tashi, kafin a zargi janareta.

Manomi daga Birnin Kebbi:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen mako. Babu lodi ma ya mutu a minti 24, kuma fitilar ta ba da 36 kamar yadda maigidan Jega ya yi hasashe. Muka yi gwajin jarka, ya sake mutuwa a kusan wannan lokaci, na kai hannu kan famfon na ji ya yi zafi ƙwarai, na danne makunni ban ji motsinsa ba, sai bayan kamar rabin awa ya dawo da ƙas-ƙas ɗinsa. Bakaniken da ke yi mini aiki ya so ya sa famfon wata mota mai injekta da yake da shi a ajiye, na ƙi, domin matsinsa ya fi ƙarfin kafireta, sai muka aika Kano aka samo mai ƙaramin matsi. Mun canza filta, kuma da muka leƙa ƙarƙashi mun kwashe ƙaiƙayi cike da kwano biyu daga bakin hanyar iska, abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Bututun hayaƙi ma mun same shi da 'yar huda kusa da maɗaurinsa, an yi masa walda.

Jiya ya yi awa huɗu a gona da na'urar sanyi a kunne bai mutu ba. Abin da ya rage shi ne, da azahar idan kwamfuresa zai tashi muryarsa tana nutsewa sosai kafin ya farfaɗo. Malam na Kamba, ranar Laraba zan biyo ta wajenku, idan kana shago zan tsaya ka auna mini kafasitar.