Shawarwarin marubuta ga mai son fara ƙagaggen labari

Da marubuta suka zauna tattauna yadda sabon shiga zai fara, bakinsu ya zo ɗaya a kan karatu. Sai dai karatun marubuci daban ne: idan wani shafi ya sa gabanka ya faɗi, koma ka duba yadda aka gina shi, a ina aka yanke magana, me aka ɓoye maka.

An ja sosai a kan tsara labari. Wasu sun ce sai ka san ƙarshe tukuna, wasu kuwa suka ce tauraron labarin suke bi har inda ya kai su. A ganina, mai farawa zai fi samun sauƙi da gajeren labari: mutum ɗaya, buƙata ɗaya, da abin da ya tare masa hanya.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a nuna wa mai karatu abu ya gani da idonsa. Maimakon ka rubuta "ta yi fushi", bar ta ta dangwarar da kofi, ta amsa gaisuwa ba tare da ta ɗago kai ba. Hirar taurari kuma ka karanta ta a bayyane. Duk inda harshenka ya sarƙe, to mutane ba haka suke magana ba.

Gyara kuwa sai an kammala. Ka ajiye rubutun na 'yan makonni, sannan ka miƙa wa wanda ba zai ji nauyin gaya maka inda ya gundure shi ba.