Neman taimako: tarihin wata tsohuwa a Nicodemus

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Wani aiki ne ya cije mini.

Matata baƙar fatar Amurka ce. Kakar mahaifiyarta ta rayu a Nicodemus, ɗan ƙaramin gari a fakon Kansas da baƙaƙen fata daga Kentucky suka kafa a 1877. Ramuka suka fara haƙawa suka zauna ciki, don babu itacen gini. Surukata ta manyanta, burinta in rubuta tarihin tsohuwar a karanta a taron dawowa gida na ƙarshen Yuli.

Abin da ke hannunmu hoto ɗaya ne, tana tsaye ƙofar coci da farin kallabi, sai Baibul mai sunayen 'ya'yanta a bayan bango. Na same ta a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 tana yarinya, daga nan sawu ya ɓace. Takardun ƙidayar 1890 sun salwanta a gobarar 1921, ga aure ya canza mata suna.

Don Allah wa ya san yadda ake duba ƙidayar jihar Kansas ta 1885 da 1895, ko rajistar aure ta gundumar Graham, inda garin Nicodemus yake? Ko sai na je da ƙafata?